Wurin da Ba a Taɓawa a Gonar Baba Hambali

Shekara biyar na yi ina kai ɗaliban sashen noma na jami'armu wurin Baba Hambali Jalo, a wani ƙauye na Jama'a ta ƙasar Gwarzo. Tsarin haka yake: in sun kai aji huɗu, sai a ɗauke su daga gaban allo a zube su a ƙauye mako shida, su ga yadda ake ci daga ƙasa ba tare da an kashe ta ba. A takardunmu abin yana da dogon suna. Baba Hambali kuwa cewa yake, "Malama Mansura ta kawo 'ya'yanta su ga fartanya."

Bai yi ƙarya ba. Akwai waɗanda sai ranar suke fara riƙe ta, kuma da ka ga riƙon ka san hannun biro ne.

Baba Hambali dogon tsoho ne siriri, ya haura saba'in, ba ya magana da ƙarfi ko da saniya yake. Kakanninsa makiyaya ne masu yawo, mahaifinsa ne ya fara kafa bukka ya ƙi tashi. Shi Baba da Hausa ya girma, Fulatancin da ya rage masa na kiran shanu ne kawai. Abin da ya sa na zaɓe shi, bai taɓa zuba takin buhu a gonarsa ba. Da rani yake bin gonar da turakun shanunsa, kwana uku nan, kwana uku can, har su taka ko'ina su bar masa kashi da fitsari. Yana shuka gero da wake a tsakani, ba ya sare gawo, ba ya ƙona kara. In zai koyar, ba ya dogon bayani. Sai ya damƙo ƙasa ya zuba wa ɗalibi a tafin hannu ya ce, "Shinshina. Me ta ce maka?" Ɗalibi ya yi ta zare ido, ni kuma in koma gefe ina dariya.

Uwata Babarbariya ce, don haka tsokanar Bafulatani gado ce a wurina, kuma tun ranar farko na fara karɓar haƙƙina. Ina ce masa bawana, yana ce mini baiwarsa da ta gudu birni. Da wannan wasan muka saba, kuma ina ƙaunar tsohon nan har cikin raina. Da wannan wasan ne kuma na cuce shi.

Shanunsa bakwai ne, amma in ka zauna da shi yini ɗaya za ka rantse guda ɗaya gare shi. Sunanta Wule, saboda farin da ke goshinta. Yana iya jero iyayenta mata ɗaya bayan ɗaya, wance ta haifi wance, har ya kai ga wata karsana ta garken mahaifinsa. Sauran shida saye ne, ko 'ya'yan saye. "Ita kaɗai ta rage daga gidan babana," haka yake cewa. Matsalar ita ce Wule ta haihu sau huɗu, duka maza, ga shi shekaru sun fara kama ta. Jinin garke kuwa ta mace yake tafiya. A shekarar da nake ba da labari tana da ciki ya tsufa, haihuwa yau ko gobe, kuma kowa a gidan ya san abin da Baba yake roƙo bayan kowace salla. In ba ta haifi mace ba wannan karon, shi ke nan, garken mahaifinsa ya ƙare.

Sai kuma wurin nan. A kusurwar gonar ta arewa maso gabas akwai wani fili da bai fi faɗin zaure biyu ba, ya ɗan lotsa ƙasa, an kewaye shi da ƙayar aduwa. Duk shekara Baba da kansa yake sabunta ƙayar, ba ya aiken kowa. Ba a shuka a ciki, ba a yankar ciyawa, akuya ba ta shiga. Ciyawar wurin takan riga ta ko'ina fitowa, ta kuma yi wani irin kore mai duhu da ba ka so ka daɗe kana kallo. Shanu in an biyo da su ta gefen, da kansu suke ratsewa. Sau biyu na taɓa ganin Baba da rana tsaka, lokacin da kowa ya gudu inuwa, tsaye a bakin ƙayar, hannayensa a kan sanda, bakinsa na motsi. Na ɗauka addu'a yake. Da na matsa kusa sai na ji sunaye ne yake kira a hankali, irin kiran da ake yi wa shanu, yana ɗan dakatawa bayan kowane suna kamar mai jiran amsa.

Mutanen ƙauyen cewa suke gidan aljanu ne. Matan da ke zuwa ɗiban itace ba sa bi ta nan in rana ta take. Wata tsohuwa ta rantse mini ta taɓa jin ana tuƙa a ƙarƙashin ƙasar, irin tuƙar shanu in sun ƙoshi.

Duk shekara ranar farko Baba yakan kai ɗalibai bakin wurin ya ce, "Ko'ina a gonar nan naku ne. Nan kawai, ba a taɓawa." Daga haka ba ya ƙari. Shekarar farko na tambaye shi dalili, ya kau da kai. Sai na ce, "Baba, ko aljanun ma Fulani ne, kuna kiwo tare?" Ya yi murmushi ya ce, "Da Barebari ne ai da tuni na sa su noma." Muka yi dariya. Ni a raina na rufe maganar: camfi ne irin na tsofaffi, a bar shi da abinsa.

A cikin ɗaliban shekarar akwai Nasir, yaro mai kai, irin waɗanda ke gama tambayarka kafin ka gama yin ta. Aikin da na ba rukuninsa shi ne haɗa takin gargajiya: a jera kara da ganye da kashin shanu hawa-hawa, a riƙa yayyafa ƙasa mai kyau a tsakani, a bar shi ya ruɓe a inuwa. Suka zagaye gonar suna neman ƙasa mai rai. Ƙasar Baba mai kyau ce, amma jigawa ce, fara-fara. Nasir ya leƙa ta cikin ƙayar nan ya dawo idonsa na ƙyalli.

"Malama, kin ga ƙasar can kuwa? Baƙa wuluk. Shekara nawa ba a taɓa ta ba. Ai wannan asara ake yi."

Na ce masa Baba ya hana.

"Saboda aljanu? Haba Malama. Ke da kika ce mana kada mu karɓi magana sai mun gwada?"

Ni na faɗa musu haka, a aji, da bakina.

Ranar Juma'a ta mako na uku aka yi wa Baba rasuwa a Kabo, wani ɗan baffansa. Ya tafi da safe, ya ce sai an yi sadakar uku zai dawo. Ya bar shanun a hannun ɗansa Jibirin, magidanci mai 'ya'ya biyar, wanda shi ma abin da ya sani game da wurin bai wuce "ba a taɓawa" ba. Da Jibirin ya wuce masallaci da wuri, Nasir ya sake zuwa mini da maganar. Ya ce baro kaɗan za su ɗiba, su mai da ƙayar yadda take, in taki ya yi kyau sai mu nuna wa Baba ya ga arzikin da ya kwantar. Ba zan ɗora wa yaron nan laifi ba. Shi ya roƙa, ni na ce su ɗiba.

Wajen sha biyu da rabi suka janye ƙayar. Ina tsaye ina kallo. Rana ce ta farkon damina, zafi mai nauyi, hadari na haɗuwa can gabas. Shebur ya shiga ƙasar ba wuya, kamar ana yankan tuwo. Wari ya taso, ba na ruɓa ba, wani irin sanyin wari ne na ɗakin da aka daɗe da rufewa. Ban san lokacin da surutun yaran ya ɗauke ba. Can sai na lura ba kukan tsuntsu ko ɗaya, iska ma ta tsaya cak. Na waiwaya wajen turaku. Shanun nan bakwai duk sun miƙe tsaye, sun daina tuƙa, sun juyo da fuskokinsu wajenmu. Ba wadda ta kaɗa ko jela.

Wata ɗaliba, Rufaida, ta ajiye kwandonta ta ce ita kam ba za ta ƙara ba, ta koma gindin gawo ta zauna. Aka yi mata dariya, dariyar da ba ta yi nisa ba.

A baro na shida shebur ya daki wani abu. Nasir ya sa hannu ya zaro. Ƙaho ne, dogo, ya yi baƙi. Ya ƙara tonawa, ga wani, ga haƙora a jere cikin muƙamuƙi. "Kun gani?" in ji shi. "Ƙasusuwan shanu ne. Shi ya sa ƙasar ta yi kyau. Ga aljanun naku nan." Na ce ya isa haka, su mayar su rufe. Suka rufe ramin, suka jera ƙayar. Ƙasar da suka ɗiba kuwa suka jibge ta a inuwar gawon da ke kusa da gida, domin taki inuwa yake so. Taku biyar ne tsakanin tulin da turken Wule, don ita ma saboda cikinta a inuwar aka ɗaure ta.

Da la'asar aka yi ruwa mai ƙarfi. Washegari na ga baƙin ruwa ya gangaro daga tulin ya kwanta a gaban turken, Wule ta sunkuya tana lasar ƙasar kamar an zuba mata kanwa. Na gani da idona, ban kawo komai a raina ba.

Baba ya dawo ranar Litinin da hantsi. Ko gida bai shiga ba. Muna gona muka hango shi ya tsaya a hanya yana kallon ƙasa, sai ya bi wani abu da ido. Sawun baro ne, da ɗigon baƙar ƙasa da ruwa bai gama wankewa ba. Ya bi shi har gindin gawo. Ya dubi tulin, ya dubi Wule. Bai yi ihu ba, bai zagi kowa ba, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ya kwance ta, ya ja ta nesa, ya ɗebo ruwa ya wanke mata baki da kofato. Sannan ya ce, ba tare da ya dube ni ba:

"Malama, kwana nawa?"

"Tun Juma'a, Baba."

"Yaran nan, wanda ke da rauni a hannu ya faɗa. Kada ya ɓoye."

Ya zauna a kan wani kututture, ya ba ni baya. A haka ya ba ni labarin, fuskarsa na kallon gona, don ba zai iya faɗarsa yana kallon mutum ba.

Shekara arba'in da ɗaya ke nan, in ji shi. Yana sabon aure, shanun mahaifinsa talatin da biyu suna kwana a wannan kusurwar. Wata safiya aka tarar da saniya ɗaya tana rawar jiki, aka yi maza aka yanka ta kafin ta zama mushe, kamar yadda kowa ke yi. Jinin ya fito baƙi, ya ƙi daskarewa. Aka raba naman duk da haka. Amaryarsa Asiya ita ta wanke kayan ciki, da ɗan yankan wuƙa a hannunta. Cikin kwana tara shanun suka zube, wasu a tsaye suke faɗuwa, jini na fita ta hanci. Makiyaya na kiransa ciwon saifa. Aka haƙa rami ɗaya aka tura su. Asiya kuwa wani baƙin ƙurji ya fito mata a hannu, hannun ya kumbura har wuya, bayan an rufe ramin da kwana biyu aka kai ta makwancinta. Karsana ɗaya ce ta tsira, don tana Kabo wurin riƙo. Mahaifinsa kafin ya rasu ya ce masa ciwon yana nan kwance a ƙasar, ba ya mutuwa, kada ya bari a tashe shi.

"Me ya sa ba ka faɗa mini ba, Baba?" Abin da ya fito daga bakina ke nan, don rashin ta ido.

"Mu ba ma faɗin irin wannan," in ji shi. "Namiji ya zauna yana ba da labarin matarsa ta fari da asarar ubansa? Ko Jibirin bai sani ba, uwarsa daga baya na aure ta. Na ce ba a taɓawa. Na ɗauka ya isa."

Na san ciwon nan. Ni na koyar da shi a aji biyu, na rubuta a allo cewa ƙwayarsa kan yi shekaru masu yawa a cikin ƙasa tana jira, na ba da shi a jarrabawa. Shekara biyar ina wucewa ta gaban kabarinsa ina tsokanar mai gadinsa.

Na kira likitan dabbobi a Gwarzo. Yana wani ƙauye mai nisa, ya ce maganin ma sai ya nemo, zai iso gobe kafin azahar, kada kowa ya kusanci tulin. Na kwashe ɗaliban da suka yi tonon na tura su asibiti a motar makaranta. Wule ta yini lafiya, ta ci harawarta tas. Na ce wa Baba wataƙila Allah Ya kiyaye. Ya ce, "Allah Ya sa."

Da safe ta ƙi cin komai. Ta tsaya kai a ƙasa, fatar kafaɗarta na karkarwa, numfashi sama-sama. Kafin rana ta ɗaga sosai ta durƙusa, sannan ta kwanta ta gefe. Labari ya zaga, maƙwabta suka taru. Jibirin ya fito daga gida da wuƙa.

"Baba, a yanka ta tun da sauran rai."

"Mayar da wuƙar nan."

"To in ba za a ci ba, a farka cikin a ciro ɗan. Watanninsa sun cika. Dubi, Baba, yana motsi."

Kowa ya duba. Gaskiya ne. Gefen cikin Wule yana tasowa yana komawa, wani abu na turowa daga ciki, kamar gwiwa ko kai. Wani dattijo ya ce shi ya taɓa yi, maraƙin ya rayu, aikin minti biyar ne. Jibirin ya durƙusa gaban mahaifinsa. "Baba, in mace ce fa? Shekara nawa kana roƙo?"

Na ga fuskar tsohon nan, kuma ba na fatan in sake ganin irinta. Ya dubi wuƙar, ya dubi hannun ɗansa, hannun manomi mai faso da ƙananan yankuna ko'ina. Ya dubi ƙasar da jinin zai zuba a kai, tsakiyar gonar da jikokinsa ke wasa.

"Ba wanda zai buɗe ta," in ji shi. "Duk ku ja baya."

Suka ja. Shi kaɗai ya matsa, ya tsuguna ta bayanta, nesa da bakinta, ya ninka gefen rigarsa ya ɗora a kan cikin, ya ɗora tafin hannunsa a kai. Na ce masa, "Baba, kada ka taɓa." Bai ko nuna ya ji ni ba. Wule ta ja numfashi biyu masu tsawo, ƙafafunta suka miƙe, baƙin jini ya fara ɗiga daga hancinta. Ta tafi. Amma cikin bai daina motsi ba. Muna tsaye mu fi ashirin, rana a tsakar ka, ba mai ko tari, muna kallon hannun Baba yana tasowa yana sauka a kan matacciyar saniya. Motsin ya yi ƙarfi, ya yi ƙarfi, har hannun ya zame ya mayar. Sannan ya fara raguwa. Ban san minti nawa aka yi ba. Na dai san Rufaida na kuka a bayana, ni ma hawaye na zuba ban share ba. Daga ƙarshe hannun ya tsaya wuri ɗaya. Baba ya ƙara jira, sannan ya ɗauke shi.

Likitan ya iso bayan haka da kamar rabin awa. Da ya ji ba a yanka ba, ba a farka ba, ya ce wanda ya hana ya ceci gidan nan, wataƙila da unguwar. Ya sa aka haƙa rami mai zurfi a inda take, aka tara itace da kara aka ƙone ta a ciki tare da tulin ƙasar nan da rigar Baba, aka rufe. Ya yi wa sauran shanun allura, da na maƙwabta, ya tura Baba da Jibirin asibiti su ma. Ba mutum ko ɗaya da ya kamu. Sauran shanun shida suna nan har yau.

Jami'a ta janye ɗaliban kafin mako shidan ya cika. Na rubuta abin da ya faru ban rage komai ba, da sunana a inda ya kamata. Bayan kwana goma na koma ni kaɗai. Na same shi da hantsi yana jan ƙayar aduwa yana kewaye sabon wurin. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa gaisuwar duka, ya tambayi gida, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, har Nasir. Na ce na zo neman gafara ne, ni na ba da izini, ba su ba.

"Na sani," in ji shi. "Na yafe, Malama. Allah Ya yafe mana baki ɗaya."

Ya ci gaba da aikinsa. Na tsaya ban san abin da zan yi da hannuwana ba. Har na juya zan tafi sai ya kira ni. Ya jingina da sandarsa yana kallon ƙasar da aka rufe.

"Ke da kika yi karatun abin nan. Yadda yake motsin nan da ƙarfi. Ana iya ganewa daga motsi?"

"Gane me, Baba?"

"Ko mace ce."

Na so in yi masa ƙarya. Na so in ce namiji ne, maza ne ke irin wannan harbin, don ya samu ya huta. Amma gaskiya na faɗa masa.

"Ba a ganewa, Baba."

Ya gyaɗa kai a hankali. "Haka na yi zato," in ji shi. Ya sunkuya ya ɗauki wani reshen ƙayar.